Tsohuwar kwamfuta da sabon tsari

Manomin Dungu ba ya ɗora wa jaki kaya sai ya dubi ƙarfinsa. Haka abin yake ga kwamfuta. A cikin kowace kwamfuta akwai babban tsari mai tafiyar da ayyukanta. Shi ke buɗe takardu, shi ke karɓar umurnin mai aiki. Wanda aka fi sani sunansa Windows. Kamfanin Microsoft na ƙasar Amurka ne ke yin sa.

An fito da Windows 10 a shekarar 2015, Windows 11 kuma a 2021. Ran 14 ga watan Oktoba 2025, kamfanin ya daina aiko wa Windows 10 gyare-gyaren da ya saba. Kwamfuta ba ta mutuwa saboda haka. Amma ta zama kamar rumbun da aka bar yi wa yaɓe: sannu a hankali ɓarayin intanet suna samun kafar shiga.

Kwamfutoci da yawa da ake sayowa a Damagaram ko Kano na hannu ne. Wasunsu ba su iya ɗaukar sabon tsari. Wanda ya saya bai duba ba, yana iya asarar kuɗin amfanin gonarsa.

Ga abubuwan da Windows 11 ke bukata:

1. Ƙwaƙwalwa mai bit 64. In ta kamfanin Intel ce, galibi sai zubi na 8, wanda ya fara fitowa a 2017, ko na bayansa.
2. Wurin aiki, watau RAM, mai giga 4 ko fiye.
3. Ma'ajiya mai giga 64 ko fiye.
4. Makullin tsaro da ake kira TPM 2.0.

Ana iya dubawa ko babu intanet. Mai saye ya danna maɓallin Windows tare da harafin R. Ƙaramar taga za ta buɗe. In ya rubuta msinfo32, zai ga sunan ƙwaƙwalwa da yawan RAM. In ya rubuta tpm.msc, zai ga ko makullin yana nan. Wani lokaci makullin yana ciki amma a kashe. Mai gyara yana iya kunna shi.

Kwamfutar da ta kāsa ba ta zama shara ba. Ana iya sa mata wani tsari mara nauyi da ake samu kyauta, kamar Linux Mint, wanda giga 2 na RAM ke isar sa. Da shi ana rubutu, ana lissafi, ana karatu. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Tambayoyi

1. Mene ne aikin babban tsari?
2. Me ya faru ran 14 ga Oktoba 2025?
3. Wata kwamfuta tana da giga 2 na RAM. Giga nawa suka rage mata ta kai bukatar Windows 11?
4. Don me aka kwatanta kwamfuta da jaki?