Ba Sai An Sa Wa Littafi Wuta Ba, In Ji Ray Bradbury

Daga Wakilinmu

Duk wanda ya karanta Tauraruwa Mai Wutsiya na Malam Umaru Dembo, wanda aka buga a 1969, ya san irin labaran da ake kira ƙagaggun labaran kimiyya, watau labaran tafiya sararin samaniya da na yadda duniya za ta koma nan gaba. Cikin gwanayen wannan fanni akwai wani Ba'amurke, Ray Bradbury, wanda aka haifa a 1920, ya mutu a 2012.

Mutumin nan bai taɓa shiga jami'a ba. Da ya gama sakandare a 1938 babu kuɗin ci gaba, sai ya kama sayar da jarida a bakin titi a birnin Los Angeles. Amma kwana uku a kowane mako yakan tafi laburare ya duƙufa kan karatu, har shekara goma. Shi da bakinsa ya ce laburare ce jami'arsa.

Littafinsa da ya fi shahara shi ne Fahrenheit 451, wanda ya fito a 1953. Rubutun farko na labarin, da tafiretar haya ya buga shi, yana biyan santi 10 kowane rabin sa'a. Cikin kwana tara ya kammala, abin da ya kashe duka bai kai dala 10 ba.

Labarin wata ƙasa ce inda aka haramta littattafai, 'yan kwana-kwana kuwa aikinsu shi ne ƙone su. Mutanen ƙasar ba su damu ba, domin kowa ya sa talabijin gaba, girmanta ya kai bangon ɗaki, ga kuma wata 'yar rediyo maƙale a kunne dare da rana.

Jama'a da dama sun ɗauka kan zaluncin mahukunta kaɗai yake magana. To, amma a 2007 Bradbury ya ce babban abin da ya tsorata shi shi ne yadda talabijin ke kashe wa mutane sha'awar karatu. A ganinsa, in jama'a suka daina karatu don kansu, ba sai wani azzalumi ya ƙyasta ashana ba.

Ga masu son koyon rubutu kuwa, shawararsa ba ta da wuya. Kowane dare mutum ya karanta gajeren labari ɗaya, da waƙa ɗaya, da maƙala ɗaya. Kowane mako ya rubuta labari guda, domin da wuya a jera labarai 52 a shekara a rasa na kirki ko ɗaya a ciki.

To, 'yan'uwa mazauna Agege da Idi-Araba da Sabon Ibadan, mu dubi gidajenmu. Talabijin ɗin da ya ji wa tsoro yau ta shige aljihu, ta koma waya. Yaran da muka haifa a kurmi, nawa ne cikinsu za su iya karanta shafi guda na Hausa ba gargada? Mai gadi da ke kwana a bakin ƙofa, da ɗan tireda da ke jiran ciniki, ba su fi mai sayar da jaridar nan ƙarancin lokaci ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. In za a yi wa yara tsaraba, a haɗa da littafi.