Kwaɗo da kaye: yadda mai ƙaramar sana'a zai tsare dukiyarsa

Kaka ta yi, hatsi ya shiga rumbu, kuɗi sun fara yawo a hannun mutane. Yanzu ne mai tebur da mai kanti da mai awo suke samun ciniki. Yanzu ne kuma ɓarawo yake buɗe ido. Shi ya sa a wannan fitowa za mu yi magana a kan tsaron ƙaramar sana'a.

Sana'ar da muke nufi ita ce wadda kowa ya sani a garinsu: tebur na sukari da shayi da ashana da sabulu, rumfar mai gyaran keke da babur, ɗakin tela, injin niƙa, wurin cajin salula, ko macen da ke sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa a cikin gida. Jarin irin wannan sana'a bai taka kara ya karya ba. Sau da yawa akuya biyu aka sayar, ko kuɗin ci-rani ne, ko kwasar adashe, ko bashin asusun mata. Babban ɗan kasuwa na Maraɗi, in an ɗauke masa kwali goma, gobe zai buɗe kantinsa. Mai tebur kuwa, in an ɗauke masa kwali ɗaya, sana'ar ta mutu ke nan, ga bashi a wuya.

Ɓarawon dare da rana yake fara zuwa

Wanda ya fasa kanti da dare ya riga ya san wurin. Ya zo da rana, ya sayi ashana ta dala 5, ya tsaya yana hira. Ya ga gwangwanin da ake zuba kuɗi. Ya ga irin kwaɗon da ke ƙofa. Ya san lokacin da mai kanti yake tafiya masallaci, da ranar da yake cin kasuwar wani gari. In shi baƙo ne, to wani ya ba shi labari, don da ɗan gari akan ci gari.

Saboda haka kada ka ƙirga kuɗin yini a gaban jama'a. Kada ka faɗa a majalisa cewa jibi za ka tafi Damagaram ko Ƙonni sarin kaya, kuɗi sun cika. Abokan hira ba ɓarayi ba ne, amma magana tana da ƙafa.

Bango, ƙyaure da kwaɗo

Mutane da yawa suna sayen babban kwaɗo su manta da bayan ɗaki. Bangon ƙasa ba ya yi wa ɓarawo wuya. Yakan jiƙa shi da ruwa, ya yi ta ƙwaƙula a hankali ba tare da ƙara ba, har ya yi ramin da yaro zai shige. Bangon da ke fuskantar lungu ko kango ko bola shi ya fi haɗari. Ka zagaya bayan kantinka kowace safiya. In ka ga tsaga ko wurin da ruwa ya zaizaye, ka yaɓe shi a ranar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A ciki kuma, ka jera buhuna masu nauyi ko ganguna a jikin wannan bango, kaya marasa nauyi masu tsada ka dawo da su tsakiya.

Ka duba inda aka kafa ƙyaure. Wani ƙyauren, in aka sa ƙarfe aka ɗaga shi, sai ya fita gaba ɗaya, kwaɗo yana nan a kulle. Ƙarfen da ake rataya kwaɗo ma, in da ƙusa aka buga shi daga waje, zare shi ba ya ɗaukar minti ɗaya. Ka je wurin maƙeri ko mai walda ya yi maka wanda zai ratsa ƙyauren, a lanƙwashe shi ko a ɗaure shi daga ciki. Kwaɗo mai araha kuwa, sau da yawa mabuɗin wani yana buɗe shi. Gara ka sa biyu waɗanda ba iri ɗaya ba, ɗaya sama ɗaya ƙasa. In mabuɗi ya ɓata, ko ka rabu da yaron kanti, ka canza kwaɗo. Kuɗinsa bai kai kuɗin buhun sukari ba.

Kada a manta da rufi. Kwanon da ƙusarsa ta saki ana ɗaga shi kamar faifai.

Lokaci ma yana da nasa. Da bazara mutane suna kwana a waje, ido ya yi yawa. Da ɗari kowa yana ɗaki ya ƙudundune. Da damina an yini a gona, barci ya yi nauyi, kuma ƙarar ruwa a kan kwano tana rufe ƙarar mai fasa. Daren ruwa da daren sanyi da jajibirin salla, su ne ke son a ƙara kula. Fitila mai aiki da hasken rana, in an kafa ta sama inda hannu ba ya kai, tana taimako ƙwarai. A haska baya, ba gaba kaɗai ba.

Kuɗi kada su kwana a kanti

Kaya suna da nauyi, kuma ana iya gane su. Kuɗi ba su da nauyi, ba su da shaida. Ka bar ƴan canji kaɗai a gwangwani. Da rana ma, in takardar jika 5 ko jika 10 ta shigo, ka ware ta nan take, ka sa a aljihun ciki. Kuma ba ɓarawo kaɗai ke cin kuɗin da aka bari a rumfa ba. A 1982 gobara ta cinye babbar kasuwar Yamai, sai a 1987 aka buɗe sabuwa. Gara da ɓera su ma ba su san darajar takarda ba.

Wanda yake kusa da asusun ajiya ko banki ya kai can. Wanda zai yi tafiyar sari yana iya aika kuɗinsa ta gidajen aika kuɗi irin su Nita ko Al Izza ko Amana, ya karɓa in ya isa, ya huta da fargabar hanya. Wasu kuma suna ajiya a salula. Wannan yana da kyau, amma lambar sirri ita ce mabuɗin. Kada ka ba kowa, ko da wanda ya kira ya ce shi ma'aikacin kamfani ne. Kada ka rubuta ta a bayan salular. In mai saye ya nuna maka saƙo a tasa salula ya ce ya turo kuɗi, kada ka miƙa kaya sai ka duba taka ka ga sun shigo.

Ranar kasuwa

A cikin cunkoso ɓarayi sukan zo su biyu. Ɗaya ya ce a ɗauko masa abin da ke can sama ko can baya, ya yi ta ciniki, ya ce ba wannan ba, wancan. Kafin ka juyo, ɗayan ya wuce da kwalin batir. Wani kuma zai ba ka jika 10, ka ba shi canji, sai ya ce ya fasa, a mai da masa kuɗinsa, ya ruɗa ka da surutu har ya tafi da duka biyu. Maganin wannan: mutum ɗaya, ciniki ɗaya. Kada ka sa takardarsa a gwangwani sai ka gama ƙirga masa canji a hannu. Babbar takarda kuma ka taɓa ta, ka ɗaga ta wajen haske ka ga alamar da ke ɓoye a ciki. Masu jabu sun fi son almuru, lokacin da ido ya gaji.

Satar da ba ta fasa ƙofa

Yanzu mun zo kan abin da ya fi kashe ƙananan sana'o'i, kuma shi ne ya shafe ku, ku da kuke koyon karatu da lissafi.

A ce kowace rana dala 10 tana fita daga tebur ba a sani ba. Ba wanda zai kula. Amma a kwana 30 ta zama dala 300, wato jika 1 da rabi. A shekara ta zama jika 18 da dala 50. Mai tebur sai ya ga kaya suna raguwa, kuɗin sari ba su cika ba, ya ce kasuwa ce ta lalace, ko an yi masa baki.

Kwaɗo ba ya hana irin wannan. Abin da ke hana ta shi ne kaye da biro. Ka sayi kaye irin na ƴan lakwal. A kowane shafi ka ja layi huɗu daga sama zuwa ƙasa. Gidan farko, rana. Na biyu, abin da ya shigo. Na uku, abin da ya fita. Na huɗu, abin da ya rage. Ga misali. Ran Litinin ka saro sabulu 48. Ka sayar da 11. Ya kamata 37 su rage. Da dare ka ƙirga ka tarar da 35. To, sabulu 2 suna ina? Tun abin yana ɗanye za ka tuna, ko ka tambaya. In sai bayan wata uku ka gano, ba wanda zai tuna kome.

Ba lalle ne ka ƙirga kome da kome kullum ba. Ka zaɓi kaya biyar ko shida masu tsada masu saurin ɓata, su ka ƙirga kowane dare. Sauran ka ƙirga su sau ɗaya a mako. Mai awo ya rubuta tiya nawa ya samu a buhu, tiya nawa ya sayar.

Ka ware shafin bashi: suna, rana, kuɗi. Ka rubuta a gaban mai karɓa, ka karanta masa ya ji. Ka kuma ware shafin gida. Wannan shi ne wanda mutane ba sa so. Sukarin da ka ɗiba don shayinka, rubuta. Sabulun da uwargida ta aiko a ɗauka, rubuta. Alewar da ka ba jikanka, rubuta. Sau da yawa in an tara shafin gida, sai a ga ɓarawon da ake nema shi ne mai kantin da kansa.

A ganinmu wannan shi ne babban amfanin kaye. Inda ba rubutu, in kaya sun ɓata, zargi kan yaron kanti yake faɗawa, kuma yawanci ɗan ƙane ne ko ɗan maƙwabci. Sai a kai ga rantsuwa, wani ma ya je wurin boka ya kashe abin da ya fi wanda ya ɓata. Zumunci ya lalace, kayan ba su dawo ba. Inda akwai rubutu, kai da yaro kuna ƙirgawa tare lokacin da ka ba shi kanti, ku sake ƙirgawa lokacin da ka karɓa. Mai gaskiya ya huta. Mai dogon hannu kuma ya san ana gani. Sai dai kai ma ka biya shi hakkinsa a kan lokaci. Yaron da ya yini a gaban gwangwanin kuɗi da yunwa, an sa shi a jarraba. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

A shafin ƙarshe ka rubuta lambobin kayan aikinka. Keken ɗinki da injin niƙa da babur, kowanne yana da lamba a jikin ƙarfensa. Salula ma tana da tata: danna *#06#, lamba mai ƙwaya 15 za ta fito. Makiyayi yana yi wa dabbarsa shaida don ya gane ta a kasuwa. Wannan lamba ita ce shaidar injinka. Ka adana takardar sayen kaya tare da ita. Mai cajin salula ya manna lamba a jikin kowace salula, ya ba mai ita takarda mai irin wannan lamba. Ba takarda, ba salula, ko da wanda aka aiko ɗan gidan ne. Kayen kansa kada ya kwana a kanti.

Gadi na haɗin gwiwa

Mutum ɗaya ba zai iya biyan mai gadi ba. Amma in masu rumfa 15 suka haɗa kai, kowa ya ba da dala 20 a rana, an sami dala 300. A wata, jika 45. A zaɓi mutumin da mai gari ya sani, a ba shi tocila da usur, a rubuta sunan duk wanda ya biya. Inda ba a kai ga haka ba, a yi kwana bi da bi.

In abin ya riga ya faru

Kada ka gyara wurin, kada ka bar jama'a su tattake sawu. Ka sanar da mai gari, ka je wurin jandarma. A birni, ka je komisariya ko ka kira lamba 17. Ka tafi da kayenka. Wanda ya ce "an kwashe mini kaya da yawa" da wanda ya ce "batir kwali 3, shayi kwali 2, keken ɗinki mai lamba kaza", ba ɗaya suke ba a gaban mai bincike.

Mai gari da sarki suna sasanta rigimar gona da ta bashi da ta aure. Sata kuwa laifi ne da ke zuwa gaban alƙali, kuma doka ta fi tsanani ga wanda ya fasa ya shiga, ko ya zo da dare, ko ya zo da makami. In ɓarawo yana riƙe da makami, ka bar masa kayan. In an kama shi, a tsare shi a miƙa wa hukuma. Dukan taro laifi ne, kuma an sha dukan wanda bai ci ba bai sha ba, don kawai wani ya yi ihu ya nuna shi.

Doka tana hukunta wanda ya sayi kayan sata ko ya ɓoye su alhali ya sani. In baƙo ya kawo maka kwalin shayi ko batirin sola da rabin kuɗi, yana waige-waige, ka tambaye shi takardar saye. In ba shi da ita, ka ce masa ya dawo da safe ku je wurin sarkin kasuwa tare.