Ko Kun Sani? Ciwon Baifola Yana Bin Jini

A Rogo da Ƙaraye, in ana binciken aure, jin cewa kawun yarinya "yana da taɓi" kan isa a fasa magana. Tsoron yana da tushe, amma an zuzuta shi. Baifola, ciwon da ke sa mutum ya kwana uku bai runtsa ba, yana zuba surutu yana rabar da kuɗin masararsa, bayan makonni kuma ya shige ɗaki ko tuwo ba ya iya ci, lallai yana bin jini. Wani babban bincike na 2021 a kan majinyata sama da 40,000 ya gano wurare 64 a ƙwayoyin halittar gado da ke ƙara haɗarinsa, kowanne da ɗan ƙaramin tasiri. Har tunani yakan taɓa: ko bayan ciwon ya lafa, majinyata da yawa na fama da mantuwa da wahalar tattara hankali, ana kuma ganin ɗan burbushin haka a wasu 'yan uwansu masu lafiya.

Wani zai ce, to ai gara a guji gidan. Sai dai cikin 'ya'yan mai ciwon, kusan ɗaya cikin 10 ne ke kamuwa, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da dama ɗaya kan kamu ɗayan ya tsira. Rashin barci, shaye-shaye da tashin hankali na cikin abubuwan da ke tayar da shi. Ciwon yana jin magani, ana kuma duba masu shi a asibitin Dawanau da na Malam Aminu Kano.