Dalilan da suka sa harsashin bismut ya kasa maye gurbin na dalma a wajen farauta

Fiye da shekara 30 ke nan ƙasashen Yamma suna ƙoƙarin raba mafarauta da harsashin dalma. Amurka ta haramta amfani da shi wajen harbin tsuntsayen ruwa a 1991, Denmak ta hana shi baki ɗaya a 1996, Tarayyar Turai kuma ta hana shi a dausayoyi daga Fabrairun 2023.

Dalili kuwa shi ne, ƙwayoyin da suka kuskure abin harbi sukan zube cikin laka. Agwagi da dinya sukan haɗiye su a zaton tsakuwa ce, ƙundu ya niƙe su, gubar ta bi jini ta kashe tsuntsun. Wanda ya ci naman da aka harba da dalma shi ma bai tsira ba.

Baƙin ƙarfe ne ya fara maye gurbin dalma saboda araha. Sai dai bai kai ta nauyi ba, kuma taurinsa kan lalata bututun tsofaffin bindigogi. Wannan ya sa aka juya ga bismut, wanda nauyinsa ya kai giram 9.8 a kowace santimita mai kusurwa shida, alhali na dalma 11.3 ne, na baƙin ƙarfe kuma 7.8. Ga shi ba ya cin bututu.

Matsala ta farko ita ce gautsi. Tsantsar bismut yakan farfashe a lokacin harbi, don haka ake gauraya shi da kuza kaɗan domin ya jure.

Ta biyu ita ce ƙira. Tun 1782, lokacin da William Watts na Biristol a Ingila ya ƙirƙiro dabarar, ana zubo narkakkiyar dalma daga saman hasumiya, ta dunƙule a iska, ta faɗa ruwa. Bismut kuwa kumbura yake yi idan ya daskare, da kimanin kashi 3 cikin 100, saɓanin yawancin ƙarafa. Samun ƙwayoyi mulmulallu masu girma ɗaya yana da wuya, manyansu ma sai an yi zubinsu a mazubi, abin da ke cin lokaci da kuɗi.

Ta uku, wadda ta fi girma, ita ce ƙarancinsa. Ba kasafai ake haƙo bismut shi kaɗai ba. Galibi ana samunsa ne wajen tace dalma da tungistan. Abin da duniya ke samarwa a shekara kimanin tan 20,000 ne, alhali dalmar da ake haƙowa ta haura tan miliyan 4. Mafi yawansa daga Sin yake fitowa, kuma da ƙasar ta taƙaita fitar da shi a Fabrairun 2025 farashinsa ya yi tashin gwauron zabo. Masu haɗa magunguna da kayan kwalliya su ma suna neman wannan ɗan kaɗan ɗin.

Lamarin ya shafi Najeriya, domin tana cikin yarjejeniyar kare tsuntsayen ruwa masu ƙaura tsakanin Afirka da Turai da Asiya, wadda ta buƙaci a daina harbi da dalma a dausayoyi irin na Haɗeja da Nguru. Muddin bismut ya ci gaba da tsada, baƙin ƙarfe ne talakan mafarauci zai iya saye, in har bindigarsa za ta ɗauka.