Inda kare kai ya tsaya, inda kisa ya fara

A watan Maris na 2025 Kotun Ƙolin Nijeriya ta tabbatar da hukuncin kisa a kan Sunday Jackson, wani manomi ɗan jihar Adamawa. Abin da ya faɗa wa kotu shi ne, wani makiyayi ya far masa da wuƙa a gona, ya ji masa rauni, suka yi kokawa, ya ƙwace wuƙar ya daɓa masa a wuya. Babbar Kotun Yola, wadda ta fara yanke hukuncin a 2021, ta ce tunda ya riga ya raba mutumin da makami, kamata ya yi ya gudu. Mai shari'a Helen Ogunwumiju ta saɓa wa sauran alƙalan Kotun Ƙolin, amma rinjaye ya tafi can. Sai a ƙarshen 2025 Gwamna Ahmadu Fintiri ya yi masa afuwa, bayan ya shafe kimanin shekara goma a tsare.

Jama'a da dama sun yi mamaki, domin a ganinsu wanda aka kawo wa hari ba ya da laifi. Doka kuwa ba ta hana mutum kare kansa ba. Sashe na 33 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya yarda da amfani da ƙarfi gwargwadon buƙata don kare rai ko dukiya, kuma dokar Penal Code da Arewa ke aiki da ita tun 1960 ta halatta har kisa idan mutum na tsoron a kashe shi, ko a yi masa mummunan rauni, ko fyaɗe, ko a sace shi. Sai dai ta gindaya sharuɗɗa: kada a yi ɓarnar da ta wuce abin da kariyar ke buƙata, kuma babu wannan haƙƙi idan akwai lokacin neman agajin hukuma. Da zarar hatsarin ya gushe, haƙƙin ma ya gushe.

Nan gizo ke saƙa. Alƙali yana zaune cikin natsuwa yana ƙirga yawan sara da suka, yana tambayar a wane lokaci wuƙa ta bar hannun maharin. Wanda jini ke zuba a jikinsa, zuciya na dukan uku-uku, ba ya wannan lissafin. A ganina kotu ta tsananta wa Jackson, amma ra'ayin marubuci ba ya buɗe ƙofar kurkuku. Shaidu ne da rahoton likita da bayanin farko da mutum ya bayar a caji ofis ke yin tasiri, shi ya sa lauyoyi ke cewa kada a sa hannu a kowace takarda kafin lauya ya iso.

Ɓarawon da ya tsallaka katanga yana gudu, aka bi shi aka rufe da duka har ya mutu, wannan ba kare kai ba ne ko kaɗan, kisa ne, komai yawan waɗanda suka yi ihun "ɓarawo!"

Batun bindiga kuma daban ne. A 2022 gwamnatin Bello Matawalle ta ce wa mutanen Zamfara su nemi bindiga don tunkarar 'yan fashin daji, amma lasisin makami ba a hannun gwamna yake ba, na hukumomin tarayya ne. Wanda aka kama da bindiga babu lasisi zai amsa tuhuma a kan bindigar kanta, ko da kotu ta yarda cewa harbin da ya yi na kare kai ne.