Ɗan Sandan Ƙarfe: Tsokaci a Kan Fim ɗin RoboCop 2

Maƙasudin wannan maƙala shi ne a bayyana jigon fim ɗin RoboCop 2, wanda Irvin Kershner ya shirya a Amurka a shekarar 1990, a matsayin ci gaban na farko da ya fito a 1987.

Labarin dai na wani ɗan sanda ne mai suna Murphy, wanda 'yan ta'adda suka kashe a birnin Detroit. Sai kamfanin OCP ya ɗauki abin da ya rage na jikinsa ya haɗa da ƙarfe, ya zama rabi mutum rabi inji. A kashi na biyu, kamfanin ya so ya ƙera wani wanda zai fi shi ƙarfi da biyayya. Saboda haka aka sanya ƙwaƙwalwar Cain, uban dillalan ƙwayar Nuke, cikin sabon injin, da nufin a riƙa juya shi da ƙwayar. Ƙarshenta ya kuɓuce, ya buɗe wa jama'a wuta, sai da Murphy ya farfasa ƙwaƙwalwar tasa.

Mazaunin Goron Dutse, unguwar da gidan yari yake, ba baƙo ba ne ga maganar laifi da hukunci. Tambayar da fim ɗin ke yi masa ita ce: wa ya mallaki mai tsaron doka, jama'a ko mai kuɗi? Ƙarfe ɗaya aka ba su biyun. Abin da ya raba su shi ne halin da kowannensu ya zo da shi tun yana mutum. Hali kuwa, in ji Hausawa, zanen dutse ne.