Farautar ɓoyayyar ajiya: Abin da ya kamata a duba a jikin waya kafin a saya

A ranar 3 ga Mayun shekarar 2000, wani Ba'amurke mai sana'ar kwamfuta, Dave Ulmer, ya zuba littattafai da faifan bidiyo da gwangwanin wake da ɗan kuɗi a cikin wani baƙin bokiti, ya kai shi daji kusa da garin Beavercreek a jihar Oregon ya ajiye. Daga nan ya wallafa lambobin da ke nuna wurin a intanet, tare da sharaɗi guda: duk wanda ya gano bokitin ya ɗauki wani abu, ya kuma bar wani abu. Ba a yi kwanaki ba aka gano shi.

Abin da ya ba Ulmer ƙwarin gwiwa shi ne, kwana guda kafin nan gwamnatin Shugaba Bill Clinton ta daina gurɓata saƙon taurarin ɗan'adam na GPS da gangan, abin da a da take yi wa farar hula saboda dalilan tsaro. Cikin dare ɗaya kuskuren na'urorin jama'a, wanda kan kai mita 100, ya ragu da kusan ninki goma. Wasan da aka haifa daga wannan gwaji shi ne Turawa ke kira geocaching, wato farautar ɓoyayyar ajiya. A watan Satumban wannan shekarar Jeremy Irish ya buɗe shafin geocaching.com da ajiyoyi 75. A yau akwai fiye da miliyan uku a ƙasashe sama da 190.

Tsarin wasan bai canja ba. Wani ya ɓoye ɗan akwati ko kwalba mai ɗauke da takardar sa hannu, ya sanar da lambobin wurin da bayaninsa, wasu kuma su fita nema. Abin da ya canja shi ne kayan aiki. A farkon lamarin mai nema kan buga bayanin kowace ajiya a takarda, ya shigar da lambobin ɗaya bayan ɗaya cikin na'urar GPS ta hannu, ya fita da damin takardu a aljihu. Idan ya ɓata lamba guda, ya yini yana lalube a inda babu komai. Daga baya aka samu hanyar loda dukkan bayanan cikin na'ura, aka kira wannan salo farauta ba takarda. Wayar zamani ta haɗe komai a wuri ɗaya: taswira, bayanin ajiya, alamar taimako da mai ajiyar ya bari, da rahotannin waɗanda suka riga zuwa.

Sai dai ba kowace waya ce ke iya wannan aiki ba, kuma abubuwan da masu sayar da waya suka fi tallatawa, wato ƙarfin kyamara da girman fuska, su ne mafi ƙarancin amfani a nan.

Kamfas ɗin da ba a tallatawa

Abu na farko da ya kamata mai saye ya bincika shi ne ko wayar tana da na'urar gane maganaɗisun ƙasa, wadda ita ce kamfas ɗin waya. Kamfanoni kan cire ta daga wasu ƙananan wayoyi masu araha domin rage farashi, kuma ba kasafai ake rubuta hakan a jikin kwali ba. Mai amfani da waya don kira da WhatsApp zai iya shekaru bai lura da rashinta ba. Mai farautar ajiya kuwa zai gane a ranar farko.

Dalilin shi ne GPS wuri kawai yake nunawa, ba ya sanin inda mutum ya fuskanta. Wayar da ba ta da kamfas tana ƙiyasta alƙibla ne daga tafiyar mai riƙe da ita: ta kwatanta inda yake yanzu da inda yake ɗazu. Muddin yana tafiya da sauri, kibiyar da ke fuskar waya za ta nuna daidai. Da zarar ya matso kusa da ajiyar ya rage sauri, ko ya tsaya yana waige-waige, kibiyar sai ta sandare ko ta riƙa juyawa ba kan gado. Wato tana gazawa ne a daidai mita 20 na ƙarshe, inda ake matuƙar bukatarta.

Gwajin ba shi da wuya, kuma ana iya yin sa a tsaye a gaban shago, ko a Farm Centre ta Kano ne, ko Banex ta Abuja, ko Computer Village ta Ikeja. A buɗe Google Maps, a dubi shuɗin ɗigon da ke nuna inda mutum yake, sannan a juya wayar a hankali. Idan hasken da ke fita daga ɗigon yana juyawa tare da wayar, akwai kamfas. Ko da akwai shi, yakan rikice kusa da mota, ƙofar ƙarfe ko rigar waya mai maganaɗisu a murfinta. Gyaransa shi ne a kaɗa wayar a iska kamar ana zana lamba 8.

Taurari nawa wayar ke ji

Jama'a sun saba cewa GPS, amma GPS tsarin Amurka ne kawai. Rasha tana da GLONASS, Tarayyar Turai tana da Galileo, Sin kuma tana da BeiDou. Waya na bukatar saƙo daga taurari aƙalla huɗu kafin ta lissafa inda take, kuma wadda ke sauraron tsari uku ko huɗu a lokaci guda ta fi samun isassun taurari a ƙarƙashin itatuwa ko tsakanin gine-gine. Yawancin wayoyin da ake ƙerawa yanzu suna yin hakan, har da masu matsakaicin farashi. A wayar Android, manhajar GPSTest, wadda kyauta ce, tana jero taurarin da wayar ke ji tare da tutar ƙasar kowanne.

Akwai kuma wayoyin da ke karɓar saƙo a zango biyu, L1 da L5. Xiaomi Mi 8 ta 2018 ce ta fara zuwa da wannan, Apple kuma ya shigo da shi a iPhone 14 Pro a 2022. Amfanin zango na biyu shi ne rage ruɗanin da ke faruwa idan saƙon ya bugi dogon gini ko dutse kafin ya iso waya. Wanda zai yi farauta a tsakiyar birnin Legas, ko a gindin duwatsun Jos, zai ga bambanci.

Duk da haka, bai kamata a ninka kuɗin waya saboda zango biyu kaɗai ba. Hukumomin Amurka da ke kula da GPS sun ce wayar zamani, a fili ƙarƙashin sarari, kan nuna wuri da kuskuren da bai wuce kimanin mita biyar ba. Shi ma wanda ya ɓoye ajiyar da irin wannan na'ura ya ɗauki lambobinsa, da nata kuskuren. Idan kuskuren biyu suka haɗu, mai nema zai iya tsayawa inda wayarsa ta ce ya iso alhali ajiyar na can mita goma gefe. Lambar ƙarshe a jerin lambobin da wasan ke amfani da su ma, matakinta guda ya kusa mita biyu a ƙasa. Shi ya sa gogaggun 'yan wasan ke mayar da waya aljihu idan sun iso, su koma duba kogon itace, ƙarƙashin benci, ko tarin duwatsun da ba su yi kama da aikin Allah ba.

Inda babu sabis

Mutane da yawa na zaton GPS na cin data. Ba ya ci. Saƙon yana saukowa ne kai tsaye daga taurarin da ke shawagi kimanin kilomita 20,200 a sama, kuma waya na karɓarsa ko babu layi a cikinta. Abin da ke cin data shi ne taswirar da ake zana wurin a kanta, da bayanan ajiyoyin. Intanet tana dai taimaka wa waya ta kama taurari cikin daƙiƙoƙi. Idan babu ita, wayar da ta daɗe ba ta yi aikin ba za ta iya ɗaukar mintuna, domin taurarin suna aiko da bayanan matsayinsu ne a hankali ƙwarai.

Saboda haka farauta ba takarda ta dogara ne ga abin da aka sauke tun daga gida, kuma a nan zaɓin manhaja ke shafar zaɓin waya. Manhajar Geocaching ta kamfanin Groundspeak da ke Seattle tana aiki a Android da iPhone, amma wanda bai biya kuɗin rajista ba ajiyoyi masu sauƙi kawai yake gani a cikinta, kuma adana jerin ajiyoyi don amfani ba intanet na masu biya ne. Manhajar c:geo kyauta ce, 'yan sa-kai ne ke kula da ita, tana adana ajiyoyi da taswirorin OpenStreetMap a cikin waya, sai dai a Android kaɗai take. Masu iPhone suna da Cachly. Ga wanda ke lissafin kuɗinsa, wannan kaɗai ya isa ya karkata shi ga Android.

Mai sayen waya ta hannu ya kula da shekarunta, domin manhajoji kan daina aiki a tsofaffin nau'o'in Android. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin Amurka na 2019 kuma ba sa zuwa da Play Store.

Batir, rana da ƙura

Yini guda na farauta yana nufin sa'o'i da fuskar waya a kunne da cikakken haske, GPS kuma yana aiki ba hutawa. Batir mai ƙarfin 5,000 mAh, wanda ya zama ruwan dare a wayoyin Tecno da Infinix da jerin Galaxy A na Samsung, shi ne mafi ƙarancin da ya dace, tare da fawa banki a jaka. A nan wayoyi masu matsakaicin farashi sukan fi wasu masu tsada. A wurin da sabis ke da rauni, waya na ƙona batir wajen neman eriya, don haka ya fi kyau a sa ta a yanayin jirgin sama. GPS zai ci gaba da aiki.

Hasken fuska ana auna shi da nit. Wadda ba ta wuce nit 400 zuwa 500 ba tana wahalar karantuwa da tsakar rana, wadda ta kai 800 ko fiye kuwa ana ganinta sarai. Wannan ma gwajinsa a waje ne, ba a cikin inuwar shago ba. Ga kuma zafi. Kamfanin Apple ya ce an ƙera iPhone ne don aiki tsakanin digiri 0 zuwa 35 a ma'aunin Selshiyos, alhali Sakkwato da Maiduguri kan haura 40 a watan Afrilu. Waya idan ta yi zafi tana rage hasken fuskarta da kanta, wani lokaci ta daina karɓar caji. Fita da sassafe ko da la'asar ya fi kowace irin waya maganin wannan.

Alamar IP67 ko IP68 a bayanin waya tana da ma'ana takamaimai. Lambar 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 7 kuma na nufin wayar za ta jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na rabin sa'a. A ƙasar da ke da ƙurar hunturu da ruwan damina, wannan ya fi ƙarin kyamara daraja. Wanda wayarsa ba ta da alamar, riga mai kauri da gilashin kariya da 'yar jakar leda mai zif za su rufe masa yawancin giɓin.

Har yanzu akwai masu fifita na'urar GPS ta hannu irin Garmin eTrex, wadda ke aiki da batir biyu na AA na tsawon kusan sa'o'i 25 kuma ba ta tsoron faɗuwa. Tana da amfani ga mai shiga daji na kwanaki. Ga mai fara wasa a cikin gari, kashe kuɗi ne da babu bukata.

Abin da waya ba ta ɗauke wa mutum

Ƙa'idojin wasan sun hana haƙa rami don binne ajiya, sun wajabta neman izinin mai wuri, sun kuma ce kada ajiya biyu su kusanci juna da ƙasa da mita 161. Akwai masu tantancewa da ke duba kowace sabuwar ajiya kafin a wallafa ta. Duk da haka an sha samun matsala. A watan Yulin 2011 an rufe wani sashe na garin Wetherby a Ingila na sa'o'i bayan an ga wani mutum yana ajiye ɗan akwati a ɓoye, har sai da masu kwance bam suka tarwatsa shi, daga baya aka gane ajiyar wasa ce. A Najeriya, inda jama'a ke da dalili mai ƙarfi na tsoron ƙunshin da ba a san mai shi ba, ɓoye akwati kusa da masallaci, coci, kasuwa, tashar mota ko barikin jami'an tsaro ganganci ne da zai iya jawo abin da ya fi kamu. Haka ma zagaye wuri ɗaya da waya a hannu ana leƙe-leƙe. Wurin shaƙatawa da aka sanar da masu kula da shi, akwati mai haske da ake ganin cikinsa, da rubutu a jiki mai bayyana ko mene ne, su ne hanyar da ta fi aminci.

Sunan farauta ba takarda ma bai cika gaskiya ba. Takardar sa hannu da ke cikin akwatin ita ce shaidar cewa an gano ajiya, kuma mai ajiyar na da ikon goge rahoton duk wanda ya ce a manhaja ya gano amma babu sunansa a takardar. Ƙananan ajiyoyi, waɗanda wasunsu ba su fi kan ɗan yatsa girma ba, ba su da wurin sa abin rubutu, don haka mai nema ne ke zuwa da bironsa.